Rawar ƙauye a kan fiyano: kunne ya ji, me ƙafa ta ce?

Ina gaida na cikin garin Potiskum. Ina gaida na Mamudo da Nangere, da na Gadaka da Fika. Ina gaida direbobin manyan motoci da suka kamo mu a hanyar Damaturu ko ta Azare. Allah ya kai ku lafiya. Iyayenmu mata da ke tsakar gida da rediyo a gefen murhu, sannunku da aiki.

Makon jiya mun yi abin da ba mu saba ba a wannan fili. Mun sa muku kiɗa na wajen minti 5. Babu mawaƙi a ciki, babu 'yan amshi. Mutum ɗaya ne da yatsunsa goma a kan fiyano. Abu ɗaya kawai muka gaya muku, cewa wannan kiɗan rawa ne. Muka ce ku saurara, ku faɗa mana abin da kuka ji. Kun kuwa faɗa. Wasu sun yaba, wasu sun kushe, wasu sun tambaya ko ina rawar take. Yau a kan ra'ayoyinku zan yi magana. Kuma tun daga farko ga inda na tsaya: kiɗan da aka ce na rawa ne, ƙafa ce alƙalinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da asalin kiɗan.

Wanda ya tsara shi sunansa Béla Bartók, mutumin ƙasar Hangari. An haife shi a 1881, ya rasu a birnin New York a 1945. Ya yi karatun kiɗa mai zurfi a Budapest. Amma tun wajen 1906 ya fara barin birni yana shiga ƙauyuka, shi da abokinsa Zoltán Kodály. Yana tafe da na'urar ɗaukar murya ta Edison, wato kakar garmaho, wadda ke naɗar sauti a jikin wani ɗan gwangwani na kaki. Sai ya zaunar da tsohuwa ta rera masa waƙar aure. Ya roƙi makiyayi ya busa masa sarewa. Ya koma gida ya yi ta maimaita abin da ya naɗa har ya rubuta kowane lanƙwasa na muryar. Haka ya tara dubban waƙoƙi. Har nahiyarmu ya zo. A 1913 ya je yankin Biskra a Aljeriya, ya ɗauki kiɗan Larabawan ƙauyukan wurin.

A 1915 ya zaɓi wasu kiɗe-kiɗen rawa na manoman Romaniya da ke yankin Tiransilbaniya, ya mayar da su kan fiyano. Rawa shida ce, a jere, gajeru-gajeru. Ta farko rawar sanda. Ta biyu rawar ɗamara. Ta uku rawar da ake takawa a wuri guda ba a gusawa. Daga nan sai a yi ta hawa har a kai ta ƙarshe, mai gajerun taku da sauri. A ƙauyukan da ya jiyo su, da goge irin na Turawa ake kaɗa yawancinsu, wasu kuma da sarewar makiyaya.

Shi kuma wanda kuka ji hannunsa, Zoltán Kocsis ne. Shi ma ɗan Hangari ne, an haife shi a 1952, ya rasu a 2016. Ya naɗi dukkan ayyukan da Bartók ya rubuta wa fiyano. Yana kuma cikin waɗanda suka tattara tsofaffin faya-fayan da Bartók ya kaɗa da hannunsa, aka fitar da su a 1981. Saboda haka mutum ne da ya san gidan ciki da waje.

Wani zai ce, to mu a Potiskum mene ne namu a ciki? Wa ya aike mu mu yanke wa gwani irin wannan hukunci? Ku saurari abin da kuka aiko, za ku ji amsar da kanku.

Ra'ayi na farko ya zo daga wani bawan Allah da ya tashi a bayan shanu, yanzu yana harka a kara. Ya ce duk cikin shidan, ta ukun ce ta tsayar da shi. Ya ce da jin ta ya san sarewa ake kwaikwayo. Ku lura, jama'a. Ba mu gaya wa kowa cewa daga sarewar makiyayi aka ɗauko ta ba. Shi ya gane da kunnensa. Makiyayin Tiransilbaniya ya busa fiye da shekara 100 da suka wuce. Busar ta bi ta gwangwanin kaki, ta bi ta takarda, ta bi ta yatsun wani mutum a Turai. Ta iso Potiskum, makiyayi ya ce wannan tamu ce. Ni wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Amma bai tsaya nan ba. Ya ce akwai abin da ya rasa a ciki. Ya ce babu numfashi. Mai sarewa yakan ja iska, sautin ya yi rawa, ya kumbura, ya saki. A nan kuwa sautin na fitowa ya mutu.

Ɗan uwa, ka yi gaskiya, kuma ga dalili. Fiyanon da Kocsis ya kaɗa daban yake da wanda muka sani a situdiyo. Nasa babban akwati ne na katako, ba ya amfani da wuta. Yana da maɓallai 88. Kowane maɓalli in an danna, wata 'yar guduma mai kan ulu ce take bugun waya a ciki. Da ta buga, shi ke nan. Sautin sai dai ya yi ta raguwa. Ba za ka iya kumbura shi ba. Ba za ka iya lanƙwasa shi ba, yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata har kalangu ya kira sunan mutum. Ba za ka iya zamewa tsakanin sauti da sauti ba, yadda mai goge ko mai kukuma ke yi. Saboda haka numfashin da ka nema, fiyano ba shi da huhun da zai ba ka. Abin da gwani zai iya shi ne ya sa ka tuna da numfashin. Ya sassauta hannu, ya bar ɗan sarari a inda mai busa zai ja iska. Ni a jina Kocsis ya yi hakan. Shaidata kuwa kai ne, tunda ka gane sarewar.

To, mu je ga ra'ayi na biyu. Wannan ya fi zafi, kuma a kansa zan daɗe.

Wani dattijo ne, tsohon makaɗi, wanda ya sha kaɗa wa 'yan mata da samari a dandali. Jikansa ne ya rubuto a madadinsa. Baba ya ce wannan mutum gwani ne, ba a musu. Amma ya ce bai taɓa kaɗa wa mai rawa ba. Ya ce a rawar farko yana ja yana saki, kamar mai tafiya yana waiwaye. A ta ƙarshe kuma ya zura da gudu. Ya ce in da yarinya ce a fili, da ta harɗe ta faɗi, ko kuma ta tsaya ta harare shi.

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ita ce ƙashin bayan wannan sharhi.

Jama'a, ku tuna yadda makaɗinmu yake aiki. Idonsa ba ya kan gangarsa. Idonsa yana kan ƙafar mai rawa. In ta ɗaga, ya jira ta. In ta sauke, ya tare ta da gula. In ta gaji, ya sassauta. In ta ɗauki zafi, ya bi ta. Mukan ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Amma duk wanda ya tsaya a dandali ya san cewa sau da yawa rawar ce ke juya kiɗan. A gidan dambe ma haka ne. Mai kalangu yana kallon ɗan dambe, yana karanta kafaɗarsa, yana zuga shi da takensa.

Mai fiyano a babban zaure ba shi da wannan. A gabansa mutane ne a zaune, an rage fitilu, kowa ya yi tsit. Ba mai tashi. Ba mai guɗa. Ba mai liƙi. Ko tari mutum zai yi sai ya danne. Sai an gama duka a tafa. Rawa ce aka raba da masu rawarta. Abin da Baba ya ji ke nan, kuma kunnensa bai yaudare shi ba.

Sai dai zan roƙi arziki a wuri biyu.

Na farko, batun gudu. Ba Kocsis kaɗai ke da alhakinsa ba. Bartók mutum ne mai tsantseni. Yakan rubuta saurin da yake so a kan takarda, har da yawan daƙiƙoƙin da kowace rawa za ta ci. A lissafinsa, duka shidan minti 4 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Yawancin masu kaɗawa ma sun fi shi jinkiri. Kuma shi kansa bai bar kiɗan yadda ya same shi ba. Wasu ya rage musu sauri. Ya kuma jera su yadda za su fara a natse su ƙare da ƙura. Wato tun a hannun mai tsarawa rawar ta fara zama abin saurare. In akwai ƙara, da shi za a haɗa.

Na biyu, batun ja da saki. A nan na ɗan saɓa da Baba, cikin ladabi. A kiɗanmu akwai rabon aiki. Ɗan karɓi da kuntuku suna riƙe da bugu, ba sa gezau. Uwar kalangu kuma tana yawo a kansu, tana magana, tana shiga tana fita. Mai fiyano shi kaɗai ne ƙungiyar. Hannun hagu shi ne ɗan karɓi. Hannun dama shi ne uwar kiɗa. Na koma na saurari rawar sandan nan sau da dama, ina bin hannun hagu kawai. Ina taka ƙafa a ƙasa. Na tarar ƙafata tana samun wurin sauka. Jinkirin da ake ji kamar na saurayi ne da ya ɗaga sanda sama, ya riƙe ta ɗan lokaci, kafin ya dire. Akwai nauyin jiki a ciki. A ta ƙarshen kuwa, Baba, na ba ka gaskiya. Ƙafata ta bi, ta bi, ta sare. Daga nan kunne ne kawai ya ƙarasa.

Kun ji dai ma'aunin da na ɗauka. Ban tambayi ko ya burge ni ba. Na tambayi ƙafata. Kiɗan da aka ce na rawa ne, ƙafa ce alƙalinsa.

Yanzu ra'ayi na uku, wanda zai dawo da mu gida.

Wani matashi ne mai haɗa kiɗa a situdiyo a nan cikin gari. Shi ya yaba ba tare da ragi ba. Ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne babu inji a bayan mutumin. Ya ce su in za su yi waƙa, sai su saita bugu a na'ura, ya yi ta maimaita kansa daga farko har ƙarshe, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ya ce yau ya ji fiyano yana tafiya kamar mutum.

Wannan yaro ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu ma ai muna da tamu muhawarar fiyano, kuma ta daɗe. Tun shekarun 1990, da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon lantarki na Yamaha domin waƙoƙin fim, kiɗan Hausa ya sauya kama. Har suna muka raɗa, muka ce waƙoƙin fiyano, muka ce nanaye. Kun san abin da manya ke cewa. Suna cewa ina kalangun Mamman Shata, ina kotson Musa Ɗanƙwairo, ina kuntigin Ɗanmaraya Jos, ina ƙwaryar Barmani Choge. Matasa kuma suna cewa zamani riga ne. A bikin aure yau, sau nawa kuke ganin makaɗi da ganga a rataye? Sai dai a kafa lasifika a sa waƙa daga waya.

Ni ba na cikin masu tsine wa fiyano. Ya ba yara da yawa sana'a. Ya kai waƙar Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba. Damuwata ɗaya ce, kuma ita ce damuwar Baba. Injin da ke bugun ba ya ganin ƙafar kowa. Amarya ta gaji, bai sani ba. Tsohuwa ta shigo fili da takunta na da, ba zai jira ta ba. Na'urar tana iya kwaikwayon amon kalangu. Idon mai kalangu ne ba ta da shi.

To ashe tambayar da muke yi wa Kocsis, ita ce muke yi wa ɗanmu na situdiyo. In ka ɗauko kiɗan mutane ka ɗora a kan fiyano, ka taho da ƙafafunsu, ko ka baro su a ƙauye?

Akwai 'yan ƙasarmu da suka yi shekaru suna kokawa da wannan tambaya, kuma ya kamata mu san su. Akwai Farfesa Akin Euba, haifaffen Legas a 1935, wanda ya rasu a 2020. Shi ya yayata ra'ayin cewa a kaɗa fiyano da hannun Afirka. Hujjarsa mai sauƙi ce. Tunda fiyano guduma ce ke bugun waya, to ɗan uwan ganga ne. A bar tilasta masa ya yi waƙar Turai kullum, a bar shi ya yi magana irin ta ganguna. Euba yakan kafa misali da Bartók, mutumin da ya fara da sauraron ƙauye kafin ya ɗauki alƙalami. Cikin ayyukansa akwai wanda ya sa wa suna Wakar Duru, sunan da kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba. Akwai Joshua Uzoigwe, wanda ya rasu a 2005, da ya ɗauko salon gangunan ƙasar Ibo ya zuba a fiyano. A Gana akwai Kwabena Nketia, wanda ya yi haka har da waƙoƙin aiki na arewacin ƙasarsu.

Akwai kuma wata baiwar Allah da ke raye tana wannan aiki, Rebeca Omordia. Mahaifinta ɗan Najeriya ne, mahaifiyarta 'yar Romaniya, a can aka haife ta. Ku duba wannan haɗi. Ƙasar da aka jiyo rawar sandan nan, da ƙasarmu, sun haɗu a mutum ɗaya. A 2018 ta fitar da faifai mai suna Ekele, na ayyukan 'yan Najeriya zalla. A 2019 ta kafa jerin wasannin kiɗan Afirka a Landan. Turawa suna zama suna sauraron rawar ƙauyukan Najeriya a kan fiyano, suna rubuta ra'ayinsu a jaridu.

A nan ne zuciyata take sosuwa. Su suna faɗin ra'ayinsu a kan namu, ba sa jin nauyi. Mu kuwa in aka sa mana nasu, sai mu ce ba mu da ilimin abin. Makon jiya kun nuna ba haka ba ne. Makiyayi ya gane sarewa. Makaɗi ya gane inda ƙafa za ta harɗe. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da masana ke jayayya a kansu game da wannan kiɗa: sauri, da ja da saki, da yadda fiyano zai ari muryar goge da sarewa. A Hangari ma, wata ƙungiyar makaɗan gargajiya mai suna Muzsikás ta yi faifai a ƙarshen shekarun 1990, ta jera tsofaffin muryoyin da Bartók ya naɗo kusa da abin da ya tsara, don mutane su auna da kunnensu. Abin da kuka yi ke nan daga ɗakunanku, ba tare da kowa ya koya muku ba.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka ne. Amma mai ita ba ya dawwama. Makiyayin da ya busa wa Bartók sarewa ya daɗe a ƙasa. Da ba a naɗa ba, da ba a rubuta ba, da ba mu ji shi a Potiskum ba. Wannan garin namu kuwa taska ce. Bolawa suna da nasu kiɗan, Ngizimawa da nasu, Karekare da nasu, Ngamo da nasu. Ga Fulani, ga Barebari, ga Hausawa. Ga algaita da kakaki a ƙofar fada. Ga waƙoƙin daka da na niƙa da iyayenmu ke yi, waɗanda injin niƙa ya kusa shafewa. Bartók ya yi ta jigilar na'ura mai nauyi daga ƙauye zuwa ƙauye. Kai kuma na'urar da ta fi tasa tana cikin aljihunka.

Saboda haka ga roƙona ga ɗanmu na situdiyo da abokan sana'arsa. Kafin ka saita bugu a inji, je ka zauna wurin Baba. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izininsa. Ka sa ya kaɗa, a samu masu rawa su taka, kai kuma ka kalli ƙafafunsu. Ka naɗa. Ka rubuta sunansa da sunan garinsu da sunan rawar, kada gobe a ce ba a san mai ita ba. In ka samu wani abu a kai, ka kai masa rabonsa. Sannan ka koma kan fiyanonka, ka kashe injin, ka gwada da hannu biyu. In ka gama, kada ka fara kai wa abokanka. Ka kai wa tsohuwar da ta taka rawar tana budurwa. Ka sa mata, ka yi shiru, ka dubi ƙafarta.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya cim mana. Yanzu za mu sake sa muku rawar nan shida daga farko. Wannan karon ina roƙon alfarma. Wanda ke da hali ya miƙe tsaye. Wanda ba shi da hali ya taka daga zaune. Direbobi ku dai riƙe sitiyari da kyau, ku bari sai kun tsaya. Ku bi rawar farko da ƙafa, ku ji ko sandar ta dire inda kuke zato. A ta uku ku nemi inda mai sarewa yake jan numfashi. A ta ƙarshe ku ga ko za ku kai inda ni na kasa. Baba, a sa maka rediyon kusa da kunne, muna jiran hukuncinka karo na biyu. Ku aiko mana, za mu karanta a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.